Haƙoran Injin Kwali

Gazawa, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Kawu Baƙo da mutanen gidansa duka, da fatan jikin nasa ya yi sauƙi, in dai da gaske ba shi da lafiya. Na kira salularka har na gaji, kullum a kashe, shi ya sa na ba Ɗan Asabe direba wannan takarda ya kai maka Gidan Rumji hannu da hannu.

Ka bar gari ranar Alhamis ana tsakiyar ihu, ka ce wa mijina wai an kira ka Kawu na kwance. To bari in gaya maka abin da ka bari a baya.

Ni ina bayan rumfa ina dama sitacin da ake liƙa kwali da shi, ka san wurina, ba a hango inji daga can. Ƙarar da na ji ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Da na shigo na tarar da abokinka Aminullahi a durƙushe, hannunsa na dama har gwiwa cikin ƙarafan nan biyu masu haƙora da ke lanƙwasa takarda. Inji ya tsaya, amma bai sake shi ba. Ƙauri ya cika wurin kamar ana babbaka kan rago, don ka san zafin ƙarfen. Sai da maza huɗu suka kwance noti suka ɗaga na sama da sandar ƙarfe kafin aka zare shi. Takardar da ta fito ta ɗaya gefen jawur take, da layi-layinta daidai, kamar ba abin da ya faru.

An kai shi asibitin Agiye a motar Alhaji mai kamfani. Likita ya yanke abin da ya rage, daga gwiwa.

Kafin la'asar mutanen ƙauyen su Aminullahi, Garin Makau, suka iso a kan moto mai ƙafa biyu, yayyensa Bubakar da Ibrahim a gaba, da gora da adda. Tambaya ɗaya suke yi: wa ya tada inji? Ban san bakin da ya fara faɗa ba, na dai ji an ce, "Ai Faruku ne mai ba da wuta." Faruku ko gudu bai yi ba. Yana tsugune bakin injin wutarsa yana wanke jinin Aminullahi daga hannunsa, don shi ya rungume shi har mota. Ya ɗaga kai ya ce, "Sannunku, ya mai jiki?" Bubakar ya sauke masa gora a baki. Haƙoransa na gani a ƙasa. Suka rufe shi su wajen goma, wannan ya buga wancan ya taka. Ibrahim ya ɗauko sandar ƙarfen da aka ceci ƙanensa da ita ya buga masa a ƙeya. Na shiga tsakani ina cewa ku ji tsoron Allah, wani ya hankaɗa ni na faɗa kan tulin kwalaye, har yanzu kafaɗata ba ta ɗaguwa.

Da jandarma suka zo kowa ya watse. Su Bubakar sun shiga daji, ba a kama su ba. An rufe kamfani da kwaɗo. Faruku na kwance asibiti ɗaya da Aminullahi, bai farfaɗo ba.

Mas'ud, shekara huɗu ka yi a Kano kana koyon injin nan, ba wanda ya kai ka saninsa. Ina kake tsaye lokacin da abin ya faru?

Ka gaida Kawu. Allah ya tsare.

Yayarka,
Barira

*

Gidan Rumji, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Barira,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso ni, na karanta cikin baƙin ciki. Allah ya ba Aminullahi da Faruku lafiya, ke ma Allah ya sawwaƙe maki kafaɗa. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Kawu ya samu sauƙi, yana gaishe ki. Salulata ce ta lalace.

Yaya, ni ina waje wajen tukunyar tururi lokacin, ina duba wuta. Ihun kawai na ji, kuma kin san ni da jini tun muna yara, ko yankan kaza ba na tsayawa. Shi ya sa na kasa shiga.

In ana neman mai laifi, a nemi injin. Tsoho ne, sai da ya gaji a wata ƙasa kafin Alhaji ya sayo shi. Tun ranar da muka kafa shi na ce haƙoran sun cinye, shi ya sa takarda ke yawan cushewa. Da can akwai murfin raga a gaban haƙoran, wanda in an buɗe shi inji ba ya tashi sam. Alhaji da bakinsa ya ce a cire, wai buɗewa da rufewa na cin lokaci, masu ƙwai da masu sabulu na jiran kwalayensu. Na faɗa masa wata rana sai ya ci mutum. Kuma ƙa'ida ita ce ba a sa hannu a zaro takarda, da ƙugiya ake yi. Aminullahi ya san haka, amma tun da aka ba shi shugabancin inji ba ya jin maganar kowa.

Ina roƙonki ki janye jikinki daga wannan magana. Mutanen Garin Makau ba su da kai, dangin Faruku kuma ba su mantuwa. Kada ki je asibiti, kada ki je buro, ofishin jandarma. Ki zauna ɗakinki har ƙura ta lafa. Ni zan ɗan taya Kawu aikin gona.

Ki gaida maigidanki da yara. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Mas'ud

*

Gazawa, ranar Talata

Mas'ud,

Ina gaishe ka, ina gaida Kawu. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da doguwa.

Ƙurar da ka ce za ta lafa, ga yadda ta lafa. Ranar kasuwa dangin Faruku na Rugar Jaɓɓi suka tare hanyar Garin Makau da rana tsaka. Ba su sami Bubakar ba, ba su sami Ibrahim ba, sai baffansu Mahamane, tsohon da ke sayar da igiya, yana komawa gida bisa amalanken jaki. Sun sare shi a kafaɗa da cinya, suka yanke wa jakin jijiya suka bar su nan a kwance. Washegari 'yan Garin Makau suka cinna wa rumbuna bakwai wuta a Rugar Jaɓɓi, geron shekara duka ya tashi. Wata mata ta shiga ciro ɗan abin da za ta iya, zanenta ya kama. Mutanen da kakanninsu suka haƙa rijiya ɗaya, yau kowa na wasa adda. Kasuwa ta watse kafin azahar, makarantar lakol ma an sallami yara.

Ka ce kada in je asibiti. Na je. Matar Faruku, Zaituna, ita ta zo har gida ta kama zanena ta ce, "Ke kaɗai kika shiga tsakani, zo ki ji abin da yake faɗa." Ya farfaɗo, Mas'ud. Kansa ya kumbura, ido ɗaya ya tafi, maganar da ƙyar take fita don ba haƙora. Na sa kunnena bakinsa. Cewa ya yi, "Barira, ban kashe wuta ba balle in kunna. Tun safe injina na tafiya. Wuta ba ta juya haƙora, sai an danna koren maɓalli."

Daga nan na wuce gidan Rahina mai ɗaure kwalaye, wadda ke tsayawa ƙarshen inji. Ta yi ta kauce-kauce, sai da na ɗora mata Alƙur'ani a cinya. Ta ce tukunyar tururi ba kowa wajenta a lokacin, don ita ta leƙa neman ruwan zafi. Ta ce mutum ɗaya ta gani tsaye bakin akwatin maɓalli, da shuɗiyar riga. Ta fashe da kuka ta ce kada in sa ta faɗi suna.

Ni na saya maka rigar nan da Sallah.

Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, na san yadda kake yi in za ka yi ƙarya: sai ka yi ta bayani. Shafi guda ka cika mani da murfi da ƙugiya. Ban tambaye ka murfi ba. Ka rubuto mani gaskiya da hannunka, ko in hau mota in zo in tambaye ka gaban Kawu.

Barira

*

Gidan Rumji, ranar Alhamis

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san da wace fuska zan gaishe ki ba.

Ni ne.

Kin san ni na kawo Aminullahi kamfanin. Bai san komai ba sai dakon buhu a tasha, ni na koya masa yadda ake ɗora naɗin takarda, yadda ake gane zafin ƙarfe daga ƙamshin sitaci. Da Alhaji zai naɗa shugaban inji sai ya tsallake ni ya ba shi, wai ya fi ni sanyin hali da iya tafiyar da mutane. Na haɗiye. Wata uku ina haɗiyewa.

Ranar Alhamis ɗin da safe kwali ya riƙa fitowa a ɓantare, bai liƙe ba. Na ce zafi ne ya yi kaɗan, ya ce a'a gudu ne ya yi yawa. Muka yi musu. Gaban ma'aikata duka ya ce, "Mas'ud, Kano ka je koyon inji ko cin gurasa?" Kowa ya kwashe da dariya, har mata. Shi wasa yake yi, na sani, haka muke tun muna samari. Amma a ranar sai na ji kamar an watsa mani ruwan zafi.

Can wajen ƙarfe sha ɗaya takarda ta cushe. Ya tsayar da inji, ya duba ƙugiya bai gani ba, ya naɗe hannun riga ya zura hannu. Ni ina bakin akwati. Yaya, na gan shi. Ba zan ce ban gan shi ba. Abin da ya zo mani a rai shi ne in taɓa koren in sake nan take, inji ya yi gurnani kawai, ya zabura ya faɗi da baya, a yi masa dariya yadda aka yi mani. Na sha yin haka da takarda, haƙoran kan ɗan motsa su tsaya. Wallahi iyakar niyyata ke nan. Amma yatsunsa sun fi kusa da yadda na zata. Suka kama, suka ja. Na danna ja, na danna ja, kafin ya tsaya ya ci har gwiwa. Na ji ƙashin na fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana taka busasshen kara.

Ya juyo, idonsa cikin nawa.

Na fita ta ƙofar baya, na yi amai jikin katanga, na tari moto. Kawu lafiyarsa lau, bai san komai ba, ce masa na yi an ba mu hutu. Faruku bai taɓa ɓata mani rai ba ko sau ɗaya, kullum shi ke raba mani furarsa.

Don Allah, don darajar Inna, ki ƙone wannan takarda. In su Bubakar suka ji, gunduwa-gunduwa za su yi da ni, kuma ba za su ƙyale ki da yaranki ba. Ki ba ni lokaci in tsallaka iyaka, in na yi nisa sai ki faɗa.

Ki yafe mani.

Mas'ud

*

Agiye, ranar Litinin

Ƙanena,

Wa'alaikas salam. Daga bakin asibiti nake rubuto maka.

Faruku ya rasu jiya da hantsi. Jini ne ya taru masa a kai. Zaituna ba ta yi kuka ba, ta zauna riƙe da ƙafarsa har aka zo ɗauka. Ya bar 'ya'ya uku, ga ciki. An kai shi Rugar Jaɓɓi, kuma waɗanda suka je jana'iza sun ce maza na barin bakin kabari, kowa ya shiga ɗaki ya fito da kwari da baka. Jandarma sun ajiye mota biyu tsakanin ƙauyukan, amma ba za su zauna can har abada ba.

Ban ƙone takardarka ba. Tana ɗaure a bakin zanena.

Na shiga wajen Aminullahi. Ya rame, dungun na naɗe da farin ƙyalle. Ina zama sai ya ce, "Yaya Barira, ya rubuto maki ko?" Na ce ka sani ashe? Ya ce, "Da idona na gan shi." Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce kwana uku na farko bai san inda yake ba. Da ya dawo hayyacinsa aka gaya masa abin da yayyensa suka yi wa Faruku, sai ya ga in ya buɗe baki ya mai da su masu zaluntar marar laifi, ya kuma ba su wuyanka. Ya ce, "Na yi shiru don in tsare mutum uku, ga shi shirun ya ci na huɗu. Gadonsa na nan bayan bangon nan, ina jin numfashinsa har ya daina." Ya juya fuska ya yi kuka kamar yaro.

Ka ce in ba ka lokaci. Lokacin wa zan ba ka? Na tsoho Mahamane da ba zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba, ko na wanda za a kashe gobe a gona? Mutanen Garin Makau har yanzu cewa suke Faruku ya ci hannun ɗansu, abin da ya samu hakkinsa ne. Muddin suna faɗin haka, Rugar Jaɓɓi ba za ta ajiye baka ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci sarki ya kira ƙauyukan biyu ƙofar fada a Gazawa, da komandan jandarma. An ce su Bubakar ma za su fito. In ka zo, ka faɗa da bakinka, zan tsaya kusa da kai. In ba ka zo ba, ni zan miƙe in karanta takardarka da ƙarfi, tun daga "Ni ne" har sunanka. Ka san zan yi.

Ban daina sonka ba. Allah ya ba ka zuciya.

Yayarka,
Barira

*

Gazawa, ranar Asabar

Zuwa ga Kawu Baƙo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ka, Kawu, ina gaida iyalinka. Na san Mas'ud ya gaya maka komai kafin ya taso, kuma na ji kai ka raka shi tasha. Allah ya saka da alheri. Ga yadda aka yi.

Ƙofar fada ta cika, Garin Makau a gabas, Rugar Jaɓɓi a yamma, jandarma a tsakiya. An karɓe sanduna a bakin hanya. An yi ta magana ba a ga Mas'ud ba, har na kwance bakin zanena na fito da takardar da ya rubuto mani. Sai ga shi ya ratso mutane, ya tsaya gaban sarki ya cire hula. Bai rage komai ba, har maganar gurasa ya faɗa. Da ya ce "Faruku bai taɓa komai ba," wata tsohuwa daga yamma ta kurma ihu, uwar Faruku ce.

Bubakar ya yi tsalle ya tsallake mutum biyu. Ashe da wuƙa a cikin wandonsa. Ya kai wa Mas'ud sara a wuya, Allah ya sa ya kauce, ta tsaga shi daga kunci zuwa haɓa. Suka faɗi tare, Ibrahim ya zo yana taka shi a ciki. Mutanen yamma suka taso, duwatsu suka fara sauka, ɗaya ya fasa mani goshi. Sai da komanda ya harba bindiga sama sau uku. Aminullahi, wanda aka kawo daga asibiti bisa kujera, shi ya miƙe yana layi, ya ɗaga dungun hannunsa, ƙyallen ya jiƙe da jini, ya ce, "Yaya Bubakar, hannuna ne ko naka? Wa ya aike ka? Kun kashe mutumin da ya ɗauke ni, yanzu kuma me?" Bubakar ya saki wuƙar. Na ga fuskarsa lokacin da maganar ta shige shi, ban so in sake ganin irinta.

An tafi da su uku a mota ɗaya. An ɗinke Mas'ud, zai rayu. Alhaji ma an kira shi kan maganar murfin da ya sa aka cire, kamfani na nan a rufe. Dattawan Garin Makau sun tashi da kansu sun tafi Rugar Jaɓɓi gaisuwar mutuwa, ba a karɓe su da fara'a ba, amma an shimfiɗa masu tabarma. Sun yi alkawarin gero daga rumbunansu.

Ni kuwa maƙwabta sun daina amsa sallamata, wasu don ƙanena, wasu don wai na sayar da ƙanena. Maigidana ya ce in bar su. Na je wajen Zaituna, ta dube ni ta ce, "Ba yau ba, Barira." Na dawo.

A sa mu a addu'a. Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Barira

*

Gidan kaso, ranar Laraba

Yaya Barira,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, ya goshin? Bakina bai buɗuwa sosai, kunu kawai nake sha, amma ɗinkin na kamewa.

Alƙali bai sa rana ba tukuna. Wuri ya yi kaɗan a nan, don haka jiya aka maido Bubakar da Ibrahim ɗakinmu. Na gaya wa mai gadi, ya ce ba wani ɗaki. Tabarmar Bubakar na kallon tawa, taku uku tsakani. Ibrahim ba ya ɗaga kai.

Da azahar aka tada salla, sahu ya haɗa ni da Bubakar, kafaɗa da kafaɗa. Ina jin jikinsa na rawa har muka sallame. Ban sani ba ko fushi ne ko kuka.

In Zaituna ta sauka, ki gaya mani abin da aka samu. Kada ki ce ni na tambaya.

Sai yadda Allah ya yi.

Ƙanenki,
Mas'ud